Takun Lastri

Lahadi, 18 ga Agusta, da hantsi

Matata Lastri ta tafi garin Ungaran gidan yayarta, Mbak Sumi. Babbar jaka ta ɗaura a bayan babur, ba ƙaramar da take zuwa kwana ɗaya da ita ba. Ta ce in riƙa zuba wa barkononta ruwa da safe. Na ce to. Ban tambayi ranar dawowa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Gasar jiya ta yi kyau. Kaset ɗin gem da na sauya wa zane bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan azahar, a shago

Kasuwa shiru. Waya biyu na gyara tun safe, ɗaya ma datti ne kawai ya toshe mata wurin caji.

Koh Bing, maƙwabcina a layin masu gyara, wanda ke zuba mini gem a cikin kaset, ya leƙo da kofin shayinsa yana tambayar yadda bikin 'yancin kai ya kasance a unguwarmu. Na ba shi labari. An yi tseren buhu, an hau sandar da aka shafa wa mai, sannan aka fito da talabijin ɗin Pak Harjo mai unguwa gaban rumfar 'yan sintiri, yara da manya suka yi layi. Da suka ga tsohon gem ɗin Japan da suka sani tun suna yara ya koma lungunmu, ihu har bakin titi. Jarumin ni ne da hular kwanona. Miyagun da ke bin ƙasa ɓerayen kwata ne. Mai jifa kuma Lek Paimin mai sayar da bakso, romon dunƙulen nama, yana wurga kwanuka. Shi ya roƙa a saka shi ko da a mugu ne.

Na tura hotuna a zaurenmu na intanet, na masu sauya zanen gem. Wani yaro daga Medan ya ce inuwar hular kwanon ta karkata. Ba ta karkata ba. Launi uku aka ba ka a kowane mutum, gida kuma ɗigo takwas ne tsaye takwas kwance, kamar ka zana mutum a gidan dara. Ya zo ya yi mu gani. Mu ba ma taɓa injin gem, tsallen yana nan yadda masu shi suka bar shi, ramukan suna nan. Fata kawai muke feɗewa mu ɗinka wata.

Koh Bing ya ce, "Lastri fa? Yau ban ga lumpia ba, naɗaɗɗen soyen nan nata."

Na ce ta je ganin gida.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Barkono ya sha ruwa. Ni na ci indomi.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan magariba

Na kira. Mbak Sumi ce ta ɗauka, ta ce Lastri tana wanka. Jiya ma wanka, shekaranjiya ma wanka. Ban san agwagwa na aura ba.

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Asabar, tunda ba wanda zai karanta.

'Yar Pak Harjo ce ta fara kai wa ƙarshen gem ɗin. A ƙarshe akwai mace da ke tsaye a cikin ɗaki tana jiran jarumi, haka yake a asali. Ni kuma na mayar da ita Lastri, da shuɗin mayafinta da atamfar zaman gidanta. Ban gaya mata ba, so na yi ta gani kwatsam. Tana fitowa a talabijin aka ɗauki tafi. Sai Pak Harjo ya buga cinya ya ce, "Kai, ya kamo ta sak! Wallahi haka take tsayawa a bakin ƙofa in Darmaji ya manta hanyar gida!" Ni ne Darmajin. Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Lastri tana riƙe da tiren shayi a lokacin. Ta gama raba wa kowa, har ta koma ta ƙaro wa waɗanda ba su samu ba. Daga nan ta shige gida. Da na shigo ta riga ta kwanta, fuskarta a bango.

Shi ke nan abin da ya faru.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na sake buɗe zanen a kwamfuta na duba shi da kyau. Babu aibu a jikinsa. Hancin nata ne. Shuɗin nan kuwa na sha wahalarsa, don shuɗin injin kaɗan ne, yawancinsu sai ka ce bokitin roba. Kuma gem ɗin duka saboda ita ake yin sa. Ana tsallake rami saboda ita, ana mutuwa saboda ita. In akwai matsayin da ya fi wannan a cikin kaset ɗin, a nuna mini.

Bu Warsih ta gidan gaba ta ga ina shanya wanki, ta tsaya ta kalle ni, ta girgiza kai ta shige.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Na je biko.

Hanyar Ungaran cike da manyan motoci kamar kullum. Na sayi ayaba a gefen titi don kada in shiga hannu rabbana. Mbak Sumi na tsakar gida tana tsince wake, ta ɗago ta ce, "A'a, jarumin unguwa! Ka tsallake ramukan ka iso? Ina hular kwanon, ko ɓera ya cinye?"

Na gaishe ta yadda ya kamata. Ban biye mata ba.

Lastri tana kicin ɗin baya tana naɗe lumpia. Ashe ba ta zauna ba, har ta samu masu saye a kasuwar can. Ta ce, "Sannu da zuwa, Mas," ba ta ɗago ba. Na zauna a kan turmi. Na ce, "Dik, ki zo mu koma gida. Maganar Pak Harjo ce, kin san bakinsa ba linzami."

Ta naɗe ɗaya, ta ajiye, ta ɗauki wani fallen.

"Lek Paimin zane nawa ka yi masa, Mas?"

Na ce huɗu. Taku biyu, ɗaga hannu, jifa.

"Na ga har rangajinsa ka kamo."

Na ce ai sai da na yi mako ina cin bakso a gindin kurarsa ina kallon yadda yake tafiya. Na faɗa da alfahari ma. Allah na tuba.

"Ɓera fa?"

Na ce biyu, da na takewa uku.

"Ni fa?"

Na ce ɗaya, amma ba ni na tsara haka ba, wurin da aka ware wa matar ke nan tun asali, ba ta motsi.

Ta ce, "To." Ta ci gaba da naɗi. Can ta ce, da murya kamar tana faɗin kuɗin mai, "Ina tashi kafin asuba in soya. In ɗaura a babur in zaga kasuwa biyu. In dawo in yi wanki, in dafa, in kai maka abinci shago. Ƙafata ba ta taɓa sanin kujera ba sai bayan isha. Amma da ka zauna za ka zana ni, mai tsayuwa ka gani. Ɓeran kwata ya fi ni motsi a idonka."

Na ce, "Dik, gem ne fa."

Mbak Sumi daga tsakar gida ta ce, "Gem ne? A ƙofar asibiti bara ma gem ne, da ta tsaya jiranka ita kaɗai da takarda a hannu, kai kana taron masu tsofaffin kaset?"

Lastri ta ce, "Mbak, bari."

Ban manta da ranar ba. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Sun ba ni abinci na ci. Na dawo ni kaɗai. Mai ya kusa ƙare mini wajen gangaren nan, na tsaya na sha.

Talata, 27 ga Agusta, da rana

Na duba kaset ɗin gida-gida ko akwai wurin da ba a amfani da shi, in ƙara wa matar ƙarshe ko da ɗaga hannu ne. Babu. Masu gem ɗin sun cika shi taf, ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Ko da ma akwai, injin ba zai kira zanen ba, shi tsayuwa kawai ya sani. Na tambaya a zaure. Wani ya ce sai an shiga lissafin injin an rubuta sabo. Na gwada wannan shekarun baya, gem ɗin ya zama tsanwa ya mutu.

Koh Bing yana cin taliya a tsaye yana kallona. Ya ce, "Dar, kanka ɗaya kuwa? Matarka ta yi yaji, kai kana nema mata ɗaki a cikin kaset. Ka sayi wainar martabak mai ƙwai ka je ka durƙusa kamar kowane miji. Ni sau nawa na durƙusa? Dubi gwiwata, har kanta ta yi."

Na ce ni ban iya magana ba, ya sani.

Ya ce, "Wannan kam garinmu Semarang duka ya shaida." Ya zuƙi romo. "To in motsi kake nema, mutum ɗaya ne a ciki mai tafiya da gudu da tsalle da komai. Kuma ka riga ka ba wa wani mai hular kwano."

Ya koma shagonsa. Wata mata ta kawo waya da ta faɗa a miya.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan asuba

Na fara goge kaina. Daga hular na soma.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Tsayuwar ba ta ba ni wahala ba, ina da ita. Takun ne ya ƙi. Na zana, na kunna, sai in ga wata mata tana tafiya sanye da mayafin Lastri. Na goge na sake, wata matar ce dai. Na rufe ido in hango ta tana tahowa daga bakin lungu, sai in gan ta a ƙofa, ko a gaban kasko, ko ta riga ta iso ta ajiye mini kwano. Tsakanin babu.

Na tsallaka wajen Bu Warsih. Tana ɓare tafarnuwa a dakali. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Bu, don Allah, yaya Lastri take tafiya?"

Ta ajiye wuƙar. "Me ka ce?"

Na maimaita.

"Innalillahi. Ka aure ta tun wannan bishiyar mangwaron tana tsayin gwiwata, yau kake tambayar maƙwabta yadda take tafiya? Da ka take tafiya, ɗan nan, ƙafafu a sama!"

Ta wanke ni tas, har mai sayar da gas ya tsaya saurare. Da ta huce ta ce Lastri tana ɗan jingina a dama, tun faɗuwar da ta yi da babur a daminar da ruwa ya shiga masallaci. Gwiwar hagu ba ta koma daidai ba. In za ta hau dakali, dama take fara sawa. Ta ce unguwa duka ta sani, har yara.

Na tuna faɗuwar. Ni na gyara fitilar babur ɗin.

Asabar, 31 ga Agusta, da safe

Barkono ya yi 'ya'ya. Ban san ko ana tsinka suna kore ba. Na bar su.

Lahadi, 1 ga Satumba, da azahar

Na sake zuwa Ungaran, amma ban je gidan ba. Na ajiye babur a bakin kasuwa na tsaya bayan mai sayar da kwakwa, ban cire hular kwano ba.

Ta fito da kwando a ƙugu. Takun hagu gajere ne, na dama dogo. Kafaɗar hagu tana sauka kaɗan duk lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa. Haɓarta tana gaba da jikinta, kamar ta riga ta isa inda za ta, jikin ne bai cim mata ba. Tana da sauri ƙwarai. Ta tsallaka titi tsakanin motoci biyu ba ta ko duba ba. Ta yi wa wani mai shayi wasa, ya yi dariya, ita ma ta yi. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Mai kwakwa ya ce in saya ko in matsa. Na saya.

Talata, 3 ga Satumba, bayan magariba

A zane na biyu na taku, na sauke kafaɗar hagu da ɗigo ɗaya. Na tura haɓa gaba da ɗigo ɗaya. Na kunna.

Sai ga ta.

Na bar ta tana tafiya daga wannan gefen talabijin zuwa wancan, ban san iya lokacin ba. Sannan na kashe na fita tsakar gida. Ina kewarta. Na rubuta, shi ke nan.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Tsalle ya ba ni aiki, don ban taɓa ganin ta yi tsalle ba. Na yi mata yadda nake zaton za ta yi: hannu ɗaya riƙe da mayafi, dama a gaba. Abin jifanta kuma lumpia ne. A ɗakin ƙarshe na ajiye kaina a tsaye, hannaye a sake. Wannan kafin shayi ya huce na gama shi.

Koh Bing ya zuba mini a kaset. Yana ɗaure ƙusar bayan kaset ɗin ya ce, "Ka gama duka?" Na ce na gama abin da zan iya. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ƙi karɓar komai, ya ce in lumpia ta dawo layin nan an biya shi.

Saƙo ya shigo daga Lastri ina rufe shago, na farko tun tafiyarta. Za ta zo ranar Lahadi ta ɗauki babban kaskonta, na Mbak Sumi ya yi mata kaɗan.

Mai niyyar dawowa ba ta ɗaukar kasko.

Asabar, 7 ga Satumba, da hantsi

Na share gidan. Na wanke kaskon ma, ban san dalili ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan magariba

Ta zo da la'asar sakaliya. Ta yi sallama kamar baƙuwa, ta cire takalmi, ta wuce kicin kai tsaye. Na ji ta sauko da kaskon daga ƙusa. Da ta fito na riga na kunna talabijin, na tsaya a gefe riƙe da madannin kamar mai talla.

Ta ce, "Mas, ba ni da lokacin wannan."

Na ce, "Danna nan kawai, Dik. Na dama."

Ta ajiye kaskon a jikin kujera, ba ta zauna ba. Ta karɓa da yatsu biyu, don ba ta taɓa riƙe shi ba sai in za ta goge ƙura. Ta danna. Matar ta fara tafiya. Ta saki, matar ta tsaya. Ta sake dannawa. Ta yi haka ya fi a ƙirga, gaba kaɗan, baya kaɗan. Sannan ta zauna a bakin kujera.

"Wa ya gaya maka zancen gwiwa?"

Na ce Bu Warsih, sannan na je na gani da idona.

"Na gan ka ai. Ka laɓe bayan mai kwakwa da hula sai ka ce ɓarawon babur."

Ba ta yi murmushi ba. Ta ci gaba da tafiya, ga ɓeran farko yana tahowa. Na ce ta yi tsalle, na nuna mata madannin, amma ta makara. Ɓeran ya taɓa ta.

Wanda ya faɗi ba ita ba ce. Ni ne, da hular kwano, hannaye a sama, baki a buɗe, sai dai launin nata ne, na zama shuɗi tun daga kai har ƙafa. Na yi sama kaɗan na zube ta ƙasan talabijin.

Ta ce, "Wannan kuma wa?"

Na ce ni ne. Zanen mutuwa ne, tsohon ne, ban sauya ba.

"Mantawa ka yi?"

Na ce a'a. Na buɗe gidajen na rufe, na buɗe na rufe. Hannuna ya ƙi. A zaure ba a karɓar aikin da aka bar wannan, sunansa aikin rago, na sani. Amma ban iya zana ta tana faɗuwa ba.

Ta mayar da ido kan talabijin. Gem ɗin ya dawo da ita farko, tana tsaye da mayafinta. Ta danna dama. Ba ta ko nemi tsalle ba, ta nufi ɓeran kai tsaye. Na sake zubewa. Ta sake. A na uku wani sauti ya fito mata ta hanci. Da rayuka suka ƙare ta ce, "Ina ake sakewa?" Na nuna mata. Ta gyara zama, ta naɗe ƙafa a kan kujera, ta riƙe madannin da hannu biyu. Tana kashe ni tana dariya, har ta riƙe ciki, har hawaye suka zo, daga nan ban iya bambance wanne take yi ba. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar. Ba ta matsa ba.

Can ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "A ƙarshen wa ke ciki yanzu?"

Na ce ni ne, a tsaye.

"Ba ka motsi?"

Na ce ba na motsi.

"To ka yi ta tsayuwa."

Ta ɗauki kaskonta, ta ce akwai masu jiran suyar gobe. Na ɗaure mata shi a bayan babur. Ta tayar, sannan ta ɗaga gilashin hularta ta ce, "Kada ka kuskura ka gyara wancan, Mas. In na tashi daga kasuwa gobe zan biyo in ƙara kashe ka."

Litinin, 9 ga Satumba, bayan isha

Na rufe shago da wuri, na ɗora shinkafa. Ta zo. Ta kashe ni har aka kira magariba. Da ta leƙa tukunyar ta ce wannan ai kunu ne, ta juye wa kajin Bu Warsih, ta auna wata ta ɗora, ta mutum biyu.